Ƙusar da na buga a ɗakin Inna

Jinyar tsoho wuya gare ta. Duk wanda ya ce maka da sauƙi, ko dai bai yi ba, ko kuwa wani ya sakar wa. Ni na yi, na kuma sha wuyar da ban taɓa shan irinta ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina kokawa da tayar tirela a bakin titi. Shekaru sun ja yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, amma daminar da Inna ta karye a kafaɗa tana nan daram. Ba na jin zan manta da ita har ranar da za a kai ni makwancina.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, nan cikin Potiskum, gidana kuma yana unguwar Yerimaram. Inna ita ce mahaifiyata, ni ne ɗanta na fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan maganar ba, don na ga matan zamani suna rungumar ɗan fari har su kira shi da sunan gayu. Inna irin matan da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son wani abu a wurina sai ta gaya wa wanda ke kusa, ta ce, "A faɗa wa mutumin nan rufin ɗaki yana yoyo," alhali ga ni tsaye a gabanta. In ba kowa a kusa, akuya take gaya wa. Ba gaba ba ce, kunya ce. Bayan rasuwar mahaifinmu ta dawo gidana, haka muka ci gaba da zama. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa wa bango, in tashi in tafi aiki. Ban taɓa ganin laifin hakan ba. Haka na taso na tarar.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Gansakuka ta yi kore shar a bakin rariya. Inna ta fito da buta za ta yi alwalar azahar, santsi ya kwashe ta, ta kai hannun dama ta tare ƙasa. Shi ke nan. Ba daga kan bishiya ta faɗo ba, ba mota ce ta buge ta ba, daga tsaye ne kawai zuwa ƙasa. Matata ta kira ni a waya tana salati, na bar tayar wani direba a buɗe na tari keke.

Na tarar da ita zaune cikin caɓi, ta tallafe gwiwar hannun dama da na hagu, gumi yana tsiyaya daga goshinta. Ba ta kuka. Na sunkuya zan ɗaga ta, sai ta kau da kai ta ce wa matata, "A ce masa ya matsa." Cikin wannan azabar fa. Sai da matan makwabta suka shigo, su suka ciccibe ta zuwa cikin keke. Duk ramin da muka faɗa a hanyar asibiti, ina jin ta tana cizon gefen mayafinta.

Aka yi mata hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mini. Ya ce kan ƙashin hannu yana zaune ne a cikin kafaɗa kamar tabarya a turmi, to can sama wajen wuyansa ya tsage. Ya ce ƙashin tsofaffi, musamman mata, yakan koma kamar karan da gara ta ci, daga waje lafiya, ciki kuwa rami. Hanya biyu ce. Ko a yanka a sa ƙarfe a ɗaure, ko a bar shi ya haɗe da kansa. Tun da ƙashin bai goce sosai ba, ga kuma shekaru, shi bai ga dalilin kai ta ɗakin tiyata ba. Suka rataye mata hannun a wuya da wani ƙyalle mai maɗauri, suka ba da maganin ciwo, suka ce mu dawo bayan 'yan makonni.

A bakin asibitin Kawu ya same mu. Ƙanin Inna ne, dillali a kasuwar shanu, mutum mai muryar da in ya yi raɗa a Yerimaram sai an ji a Ngojin. Ya dubi ƙyallen ya dube ni.

"Shi ke nan? Karaya ba ɗori, ba siminti, sai tsumma? Ai wannan ko ni na iya. A kai ta wurin mai ɗori."

Inna ta ce ba wanda zai sake ja mata hannu, duniya ko lahira. Maganar ɗori ta mutu a nan, amma na lura Kawu ya ƙulle abin a ransa.

Makonnin farko ba na son tuna su. Jini ya kwanta mata tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, baƙi ƙirin. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci an tara mata matasai a baya. Wanka, sa riga, ɗaurin ɗankwali, duk matata ce, Allah ya saka mata. Abinci ya fi komai ba mu wahala. Inna ba ta kai abu baki da hannun hagu. Ba ci kaɗai ba, duk abin da zai shiga bakinta ko ɗaukarsa ba ta yi da hagu, tun tana yarinya. Aka ce mata lalura ce, Allah ba zai kama ta ba. Ta ce ta sani, amma maƙogwaronta bai sani ba. Sai dai a ba ta a baki da cokali. Wata rana ina daga waje na ji tana ce wa matata, "Yanzu ni da jariri bambancinmu haƙora ne, su ma ɗin babu."

Ƙanwata, autar Inna, tana aure a Ngojin. Ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ita kam ba kunya tsakaninsu, a kan cinyar Inna take kwanciya har da girmanta. Tsakaninta da matata suka mai da Inna kamar ƙwai. Ba ta ɗaukar buta, ba ta ɗaukar mafici, ko ƙuda ne ya sauka a kanta wani ne zai kore shi. Mutane suna shigowa dubiya suna sa musu albarka. Ni ma ina jin daɗi a lokacin, don abin da aka ce a yi ke nan, a bar hannun ya huta.

Da muka koma asibiti aka sake hoto, likita ya ce ƙashi ya kama. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauka an gama. Ashe yanzu za a fara. Ya tura mu sashen gashin ƙashi, wurin wata ma'aikaciya doguwa, 'yar wajen Filato, mai irin Hausar nan da mace ma "ka" ake ce mata. Ta kwance ƙyallen ta ninke ta miƙo mini.

"Mama, ɗaga hannu mu gani."

Inna ta yi ƙoƙari. Hannun ya rabu da jikinta kamar faɗin tafi, ya tsaya. Matar ta kama shi a hankali ta ɗan ƙara ɗagawa. Wannan ce rana ta farko da na ji ihun mahaifiyata. Sai da na fita baranda na dafa bango.

Matar ta biyo ni. Ta ce, "Malam, ka ji ni da kyau. Yanzu karaya ba ita ce abin tsoro ba. Sandarewa ce. Kafaɗa in ta daɗe ba motsi, tana kama tsatsa. Akwai lokacin da za a iya kwance ta. In lokacin ya wuce, ko ni ba abin da zan iya. Haka Mama zai zauna, hannu a manne, sai an ba shi abinci a baki har ƙarshen rai."

Na gane wannan sarai. Na sha fama da noti mai tsatsa.

Ta nuna mana abin da za a riƙa yi kullum. Inna ta sunkuya ta dafa wani abu da hannun lafiya, ta saki mai ciwon yana lilo kamar guga a rijiya. Sannan ta tsaya a gaban bango, yatsunta su riƙa hawa a hankali kamar ƙadangare. Ta ce zai yi ciwo, dole ne, amma ciwon ba na ɓarna ba ne. Ta dube ni ta ce, "Kai ne babba, kai za ka tsaya a kansa." Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ina zan fara yi mata bayani?

A gida auta ta gwada sau ɗaya. Inna ta yi ƙara, auta ta fashe da kuka, ta je ta ciro ƙyallen daga inda na ajiye ta mayar mata a wuya. Matata suruka ce, in Inna ta ce a bari, an bari ke nan. Saura ni. Na yi ta maza wata safiya, bayan gaisuwa na ƙi tashi. Na ce, "Inna, matar asibitin nan ta ce a riƙa motsa hannun. In kin yarda in kama miki." Ta juya mini baya gaba ɗaya. Can ta ce wa auta, "A gaya wa mutumin nan rana ta yi, masu faci sun fita."

Haka muka ɓata wasu makonnin. Da muka koma, hannun ya ƙara sandarewa. Matar ba ta yi wa Inna faɗa ba, ni ta yi wa, a gaban mutane. Ta ce, "Kuna kashe masa hannu da tausayi. In ba za ku yi ba, kada ku ƙara kawo shi, kuna ɓata mini lokaci." Muka hau keke muka kama hanyar gida. Ina ta kallon hannun a kan cinyar Inna, ya rame, ya yi kamar ba nata ba. Hannun da ya yi daka, ya yi surfe, ya yi ƙuli-ƙulin da aka ciyar da mu. Na san abin da ya fi damunta ko da ba ta faɗa ba. Alwala. Tun ranar da ta faɗi, da hannu ɗaya take shafar kai, kuma duk ta gama sai na ji ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Dabarar ba tunani ne ya ba ni ita ba, gani na yi. Inna tana cin goro, ci na gaske. Da yake ba haƙora, tana da wata 'yar jakar buhu da take ajiye goron a ciki da ɗan magoginta na gwangwani, ta goga ta zuba a baki. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar wani abu, matan suna bayan gida suna wanki. Auta ta share ɗakin, ta manta jakar a kan akwati. Na hango Inna ta labule. Ta dubi jakar, ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa. Ta zare hannun daga ƙyallen. Tana cije leɓe, tana nishi, ta miƙa shi a hankali har ta jawo jakar. Na hagun yana nan lafiya lau a gefenta, ba ta ko tuna da shi ba. Abin baki ne.

Na koma da baya ban ɗauki abin da na zo ɗauka ba.

Sai da na jira auta ta koma Ngojin, don mijinta ya fara ƙorafi. Ranar da ta tafi, Inna ta shiga wanka, na shiga ɗakin da guduma da ƙusa. Na buga ta a bango daidai ƙirjinta in tana tsaye, na rataye jakar goron. Ƙyallen kuma na cusa shi a aljihu na tafi da shi rumfa, da shi na riƙa goge hannu. Na kira matata gefe na ce, "Duk wanda ya sauko mata da jakar nan, ni da shi ne. Har ke."

Ta riƙe baki. "Ka san abin da kake yi kuwa? Mahaifiyarka ce fa."

"Na sani. Ba a bola na tsince ta ba."

"In ta ce in miƙo mata fa?"

"Ki ce na hana."

"Sai ta kira ka ta ce ka sauke."

Na ce, "Ta kira ni ɗin."

Nan matata ta gane. In Inna tana son a karya dokar, sai ta dube ni ta yi mini magana baki da baki. Abin da ba ta yi ba ranar da take zaune cikin caɓi da karyayyen ƙashi, ba za ta yi shi don goro ba. Kunyar da ta hana ni kama hannunta, ita na juya na kama ta da ita. Ban ce abin alfahari ba ne. Abin da nake da shi ke nan.

Ranar farko Inna ba ta ci goro ba. Mai cin goro ya san abin da wannan ke nufi. Kai ya sara, ido ya yi ja, duniya ta yi ƙunci. Da na dawo da yamma na tarar da ita a tsakar gida tana yi wa akuya bayani da ƙarfi yadda zan ji. "Ke dai kin ji daɗi. Naki 'ya'yan ba su da guduma." Na wuce kamar ban ji ba. Washegari a rumfa na yi wa wani direba faci a inda ba huda, ya zage ni tas. Wajen azahar waya ta yi ƙara. Matata ce, tana magana a hankali.

"Ta ɗauka."

"Da wane hannu?"

"Da wane kake zato? Ta daɗe a gaban bangon tana salati. Na ɓuya a madafa ina kuka. Allah ya isa tsakanina da kai."

Bayan ta ci sai ta tura jakar ƙarƙashin matashi. Da safe in na shiga gaisuwa sai in zaro ta in mayar kan ƙusa, tana kallon bango. In na ga ta fara kaiwa ba nishi sosai, sai in zare ƙusar in ƙara sama da faɗin yatsa biyu. Na gaya wa matar asibiti abin da nake yi, ina tsoron ta ce na yi hauka. Ta yi dariya har da buga tebur, sannan ta gargaɗe ni kada in yi gaggawa, ta nuna mini a jikin bangon ofishinta iya inda zan riƙa ƙarawa. Lilon hannu kuma matata ta samo dabararsa, ta riƙa ajiye wa Inna wake a faifai a ƙasa tana cewa idonta ba ya ganin tsakuwa, ko Inna za ta taimaka ta baza mata.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. Sau da yawa ina tsaye a bayan tagarta ina jin yadda take nishi, tana kiran sunan Allah, farcenta yana kartar bango. Taku uku ne tsakanina da jakar. In shiga in miƙa mata, ciwon ya ƙare nan take. Nakan riƙe ƙarfen tagar har ya yi mini shaida a tafi. Mutum ya ji uwarsa tana wahala, ya san shi ya rataya wahalar da hannunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na rame a lokacin fiye da ita. Bangon kuwa ya cika da ramuka a jere, ɗaya bisa ɗaya.

Ramukan ne suka tona ni. Auta ta zo wuni, ta ga Inna a tsaye ta ɗage tana karkarwa, ta ga layin ramuka, ta tambayi matata. Ba ta ko tsaya na dawo ba, ta kira Kawu.

Ranar Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na shigo gida na tarar da shi a tsakar gida da babbar riga, auta a gefensa ido ya kumbura. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na ce, "Kawu, barka da Juma'a." Bai amsa ba.

"Kai, akuya ce uwarka?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Akuya ake rataya wa ganye ta yi ta miƙewa tana tsalle. Ita ce ka mayar akuya? Tsohuwa da karaya? In goron ne ya yi maka tsada ka faɗa, ni zan riƙa saya. Ka san abin da ake faɗa a gari? Har a kasuwar shanu an tare ni da maganar nan!"

Ƙarya yake, a ranar ya ji. Amma da irin muryarsa, kafin ya rufe baki ta zama gaskiya. Na ga kawunan matan makwabta suna leƙowa ta katanga. Na ce, "Kawu, asibiti ne suka ce..." Ya katse ni.

"Asibitin da suka ɗaure karaya da tsumma? Rufe mini baki. Tun ran nan na san ba hankali a lamarin nan."

Ya shiga ɗakin da takalminsa, ya fizge ƙusar da hannu, ya fito ya ajiye jakar a kan cinyar Inna. Ya ce, "Yaya, ga goronki. Gobe da safe zan turo mota. Gidana za ki koma. Mata biyu gare ni da 'ya'ya mata cike da gida, ko cokali ba za ki ƙara ɗagawa ba."

Na san da gaske yake, kuma na san da zuciya ɗaya yake faɗa. Za su kula da ita, za su ba ta a baki, za su yi mata fifita, hannun kuma ya tafi ke nan har abada. Ba ni da bakin hana shi. Ƙaninta ne, uba ne a wurina. Ina durƙushe ina kallon ƙasa, kunnena yana zafi. Mutum ɗaya ce za ta iya magana, ita kuwa watanni ke nan ina gana mata azaba. In ta ce za ta bi shi, wa zai ga laifinta?

Inna ba ta taɓa jakar ba. Aka jima a haka, Kawu yana ta huci, har aka kira la'asar. Sai ta ce wa matata, "Miƙo mini buta."

Ta matsa bakin tabarma ta fara alwala a nan gabanmu, abin da ba ta saba ba. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta wanke fuska da hannuwa har gwiwa. Ba wanda ya motsa. Da ta zo shafar kai, ta tura ɗankwalinta baya, ta jiƙa hannu biyu. Na hagu ya tashi. Na dama ya biyo shi yana rawa, ya wuce ƙirji, ya wuce haɓa, ya tsaya wajen hanci. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe. Auta ta yunƙura za ta taimaka, matata ta riƙe mata zani. Inna ta ja numfashi, ta sunkuyar da kai kaɗan, hannun ya ƙarasa goshi. Ta shafa har ƙeya, ta dawo da shi.

Ta gama ta wanke ƙafa, ta gyara ɗankwali da kanta. Sannan ta ɗago ta dubi Kawu.

"Kai da na goya, kana yi mini fitsari a baya, yau kai ne mai shiga ɗakina da takalmi? Ka zo gidan mutane kana cire musu ƙusa. Kai ka buga?"

"Yaya, ai don ke..."

"Ba inda za ni. Ka kai motarka ta ɗauki shanu. Je ka yi salla, lokaci yana wucewa."

Kawu ya tsaya da ƙusa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Ƙarshe ya jefa ta a aljihun babbar riga ya fita yana gunaguni. Inna ta miƙe za ta shiga ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ba ni baya kamar kullum, ta ce wa matata, "A gaya wa mai gudumar, ƙusar kwanan nan ta yi ƙasa. Ko ban miƙe sosai ba ina kaiwa."

Na tashi na fita masallaci da sauri, don kada matan katanga su ga fuskata.

Ba zan yi ƙarya in ce hannun ya koma kamar da ba. Bai koma ba. Har ta bar duniya ba ta iya miƙe shi sama sosai, kuma in hadari ya haɗo kafaɗar takan yi mata tsami. Amma da shi ta ci tuwonta, da shi ta ɗaura ɗankwalinta, da shi ta yi alwalarta shekaru, ba ta nemi kowa ba. Abin da na koya shi ne, mu nan in muna son tsoho sai mu karɓe masa komai, mu ce ya huta, a sa mana albarka. Wani hutun kuwa kashe mutum yake tun yana numfashi. In tsohonka ya karye, ka kai shi a duba, ka bi abin da aka ce, in lokacin motsi ya yi ka daure ka bar shi ya motsa, ko da gari zai zage ka. Tausayin da ya fi wuya shi ne wanda ba ya kama da tausayi, kuma ba wanda zai yaba maka a kansa.

Washegari bayan asuba na nemi wata ƙusar a cikin gwangwanin tarkace, na miƙe ta a kan dutse. Na durƙusa a ƙofar Inna na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na shiga na nemo ramin ƙarshe, na auna yatsa biyu a samansa, na buga. Na zaro jakar daga ƙarƙashin matashi, na ƙara mata farin goro sabo a ciki, na rataye. Sannan na ja mata labule na tafi rumfa.